Igiyar leko da ɗaki a rufe

Ranka ya daɗe Edita,

Damina ta kama, cinikin igiyar leko ya buɗe a shagona. Naɗin nan nata irin na dodon koɗi yana da dalili. A Japan aka fara yin ta a miƙe kamar tsinke, minti 40 ta ƙone. Matar mai kamfanin da ya fara yin ta, Yuki Ueyama, ce ta ba da shawarar a naɗe ta a 1895, sai ta koma tana cin wajen awa 7.

Damuwata ke nan. Awa 7 ana hayaƙi, ƙofa da taga a rufe, yara na kwance! Wata maƙwabciyata ma gefen katifa take ajiyewa, ko faranti babu. Don Allah ku ja kunnen jama'a, a ɗora ta kan ɗan ƙarfenta, nesa da labule, a bar taga a buɗe.

Naku,
Wani mai shago, Zariya