Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Dabbobi na Unguwarmu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Likita da dukkan ma'aikatan asibitin dabbobi na gwamnati da ke unguwarmu a nan Kano. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin maƙwabta masu mage ko kare su san akwai inda za su je ba tare da an tatse musu aljihu ba.

Da yawanmu mun ɗauka asibitin dabbobi na masu shanu ne da masu gidan gona. In magen gida ta daina cin abinci, ko kaska ta cika kunnen karen gadi, sai a nemi masu yawo da jaka a kasuwa, su tsira allurar da ta wuni cikin rana, su karɓi kuɗi su wuce. A wurinku na fara jin cewa allurar rigakafi in ta bar sanyi ƙarfinta yakan tafi, na kuma ga firij ɗin da kuke ajiye ta da idona.

Ranar da muka kai magenmu, wani matashi cikin ma'aikatanku ya naɗe ta da tawul a hankali har ta daina fisge-fisge. Likita ya ɗaga leɓenta ya nuna mini dasashinta ya yi fari, ya buɗa gashin wuyanta, sai ga ƙuma na gudu. Ya tambaye ni abin da muka ba ta a gida, sannan ya ce, "Hajiya, ko da wasa kada ku ba mage Paracetamol, kashe ta yake yi." Wallahi gidaje nawa ne suka san wannan?

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne maganar kuɗi. Kafin a taɓa komai, Likita ya rubuta mini abin da ya zama dole a ranar, da abin da zai iya jiran ƙarshen wata, kowanne da farashinsa. Bai ɗora mana maganin da ba a buƙata ba. Aka buɗe wa magen kati, aka buɗe wa karenmu ma nasa katin, an rubuta ranakun komawa: maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku, rigakafin haukan kare sau ɗaya a shekara. Tun da na san lokutan, nakan ware ɗan abin da ya samu daga kuɗin cefane, ranar komawa ba ta zo mana da ba-zata.

Kun kuma zauna kun yi wa 'ya'yana bayanin ciwon haukan kare, cewa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, kuma duk wanda kare ya ciza ko mage ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti. Daga bakinku muka ji cewa 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, kuma akan yi gangamin rigakafi kyauta a lokacin. Ɗana ma har ya riƙe sunan cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, yana cewa can zai yi aiki in ya girma.

Roƙona ga hukuma shi ne ta ƙara muku ma'aikata, domin layin safiya yakan yi tsawo, ga masu tumaki ga masu kaji, kuma kowa kuna sauraronsa da haƙuri.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a aikinku da iyalanku.

Taku,
Wata uwa daga unguwarku