Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarinmu Kan Waƙoƙin Jarumta Na Komi Da Nenets

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. Kamar yadda babban taro ya amince, ƙungiyarmu ta masu nazarin adabin baka ta sadaukar da wannan shekara ga dogayen waƙoƙin jarumta na al'ummomin Komi da Nenets da ke arewacin Rasha.

Zaman karatunmu na farko ya tsaya kan tarihi. Komi na kogin Izhma sun koyi kiwon barewar ƙanƙara daga maƙwabtansu Nenets, suka riƙa bin garke tare, auratayya ta shiga tsakani, har Nenets da suka zauna a bakin kogin Kolva a ƙarni na 19 suka koma magana da harshen Komi. Harsunan biyu 'yan dangi ɗaya ne da ake kira dangin harsunan Ural, amma mai jin ɗaya ba ya jin ɗayan, saboda haka waƙoƙin Nenets sai da suka sauya harshe ɗungurum kafin su zauna a bakin Komi.

A nan muka fi daɗewa. Mun duba rukunoni biyu na waƙoƙin Nenets: siyudbabts, mai ba da labarin gwagwarmaya da ƙattai, da yarabts, inda jarumi ke bayyana wahalarsa da bakinsa, ko ta maraici, ko ta sace masa garke, ko ta neman aure a nesa. Ba a kaɗa musu ganga; mawaƙi yana zaune cikin bukkar fata yana rerawa, wani a gefensa yana maimaita abin da ya faɗa. Da muka kwatanta tarin waƙoƙin Nenets da masaniya Zinaida Kupriyanova ta fitar a 1965 da wanda masanin adabin baka Anatoli Mikushev ya fitar a 1969 daga bakin masu jin Komi, sai muka tarar a tarin Mikushev jigogi da yanayin rayuwar makiyaya na Nenets ne, alhali lafazin na Komi ne. Kwamiti na ganin zalunci ne a danƙa wannan gado ga ɓangare ɗaya.

Batun kuɗi kuwa, ma'aji zai karanta bayaninsa a taro. Aikin fassara zuwa Hausa bai yi nisa ba, domin matanin da muke da su na Rashanci ne. Baɗi za mu nemi ɗaliban da suka yi karatu a Rasha su taimaka, kuma muna roƙon duk mamban da ya san irinsu ya sanar da sakatare kafin taron farko.