Mu Daina Ba Kyanwa da Kare Maganin Mutane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana na unguwannin zango a Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase har Sawaba, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na shafe shekaru ina aiki a ƙarƙashin likitan dabbobi, ni nake ɗora dabba a sikeli, ni nake riƙe ta a kan tebur, ni kuma nake ɗura mata magani. Da yawa daga cikin kyanwoyi da karnukan da suka mutu a hannuna, masu su ne suka ba su abin da ya kashe su, kuma da niyyar taimako suka ba su.

Kwanakin baya wata Hajiya maƙwabciyata ta aiko jikanta da kyanwarta a naɗe cikin zane. Kyanwar ta yini biyu ba ta cin abinci, Hajiya ta taɓa ta ta ji jikinta da zafi, sai ta jiƙa ƙwayar farasitamol guda a ruwa ta ɗura mata, kamar yadda za ta yi wa yaronta. Kafin a kawo ta fuskarta da tafukanta sun kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi yana yi mata wuya, kuma ba ta kai magariba ba. Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne zafin jikin lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara na mutum mai digiri 37, saboda haka kullum hannu zai ji ta da ɗumi. Hantar kyanwa kuma ba ta iya sarrafa farasitamol yadda hantar mutum take yi, sai maganin ya zama guba, ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwayar da ake saya a kemis tana da miligiram 500, an yi ta ne domin babban mutum, ita kuwa kyanwa nauyinta bai cika wuce kilo 4 ba. Akwai makarin wannan guba a wurin likita, amma sai an gaggauta kai dabbar cikin sa'o'in farko.

Karnukan gadi ma ba su tsira ba. Ibufurofen da dikulofenak da muke sha domin ciwon jiki suna yi wa kare gyambon ciki, suna kuma kashe masa ƙoda. Haka nan wasu magungunan kaska da ƙuma da aka yi domin kare, musamman masu sinadarin famitirin, in aka shafa wa kyanwa sai ta kama karkarwa da jijjiga har ta mutu. Kowane magani ana lissafa shi ne da nauyin dabba da kuma irinta, shi ya sa abu na farko da muke yi a asibiti shi ne awo. Wanda ya ce maka ka ba da rabin ƙwaya alhali bai auna dabbar ba, kintace yake yi da ranta.

Yadda ake riƙe dabba shi ne wurin da na fi so masu karatu su tsaya, domin a nan ake jin rauni, mutum da dabba duka. Na sha ganin an kawo kyanwa a cikin buhu an ɗaure bakinsa, ko an jawo kare da igiya a wuya har idanunsa sun firfito. Dabbar da ta firgita haka dole ta yi cizo. Kyanwa a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji. In za a ba ta ƙwaya, a naɗe ta da tawul tun daga wuya har ƙafafun baya, kai kaɗai a waje, mutum guda ya rungume ta ba tare da matse mata ƙirji ba. Mai ba da maganin ya kama kanta ta sama, ya ɗan ɗaga hancin, ya danna haɓar ƙasa da yatsa, ya ajiye ƙwayar can ƙarshen harshe, ya rufe bakin yana shafa maƙogwaro har ta haɗiye, sannan ya bi ta da ɗan ruwa kada ta maƙale. Maganin ruwa kuwa akasin haka ne: ba a ɗaga kai sama, ana sa bakin sirinji marar allura ta gefen baki, a bayan fiƙa, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan. In aka kwarara shi a tsakiyar baki kai yana sama, sai ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu. Masu ɗura wa ragon layya magani da kwalba su ma su kiyaye wannan, domin na ga ragunan da aka rasa ta wannan hanya ana saura kwanaki Sallah. Kare kuma ana yi masa takunkumi da ƙyalle mai laushi, a zagaya bakin, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ɗaure, amma ba a yi wa kare mai amai ko mai wahalar numfashi.

Batun abinci ba zan tsawaita ba. Kyanwa maciyar nama ce, jikinta yana bukatar wani sinadari mai suna taurin da ake samu a nama da kifi, kuma in aka bar ta da tuwo ko shinkafa zalla, rashinsa yana kawo makanta da ciwon zuciya. Ragowar abincinmu kuwa cike yake da albasa da tafarnuwa, tun ba miya da shito, wato soyayyen yajin nan na barkono, ba, kuma su biyun suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da kare. Gara a ware musu ɗan kifi ko nama dafaffe kafin a zuba kayan miya. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Mu da muke ƙasar koko da goro ya kamata mu san cewa cakulan da goro suna ɗauke da sinadaran da ke hargitsa bugun zuciyar kare, kada yara su riƙa jefa masa da sunan wasa.

Duk wanda kare ko kyanwa ta ciza yayin riƙo, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare ba ya jin magani da zarar alamunsa sun bayyana.

Roƙona na ƙarshe ga Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona ne, da makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke nan Kumasi, da ƙannenmu da suka fito daga kwalejin koyon kiwon lafiyar dabbobi ta Pong-Tamale. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Ina roƙon su shigo cikin zango a wannan rana da allurar rigakafi da sikeli, su zo da mai jin Hausa da zai nuna wa mata da yara yadda ake naɗe kyanwa da tawul a gaban idonsu. Sarakunan zango da limamanmu kuma su taimaka da sanarwa bayan sallar Juma'ar da ta gabaci ranar. Ni dai in an kira ni zan zo da tawul da sirinjina, ba tare da an biya ni ko sidi guda ba.

Wassalam.

Naka,
Ma'aikacin jinyar dabbobi,
Aboabo, Kumasi.