Barka da Sallah daga Boston

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Awa 5 ke tsakaninmu, don haka lokacin da muka idar da Idi a babban masallacin Roxbury, na san ku tuni an feɗe rago an rataye. Nan kuwa ko hutu babu. Na wuce makaranta da babbar rigata, Turawa na ta kallona a jirgin ƙasa.

Umma, naman nan nasu ba ya shiga raina. A leda yake zuwa, a yayyanke, ba kai ba ƙafa, kayan ciki kuwa sai dai labari. Ni da na saba tsugunawa gefen murhu ina satar hanta kina kore ni da ludayi! Abin da ya fi damuna shi ne kakide. Wata guda muna zuba shi a ɗumamen tuwo ana barbaɗa yaji, nan ko wanda ya san sunansa babu. Na dai soya ɗan abin da na samu na kai wa abokan aiki.

Wani dattijo a sashenmu na fiziks ya ci, yaji ya sa shi hawaye, sai hira ta ɓarke. Ya ba ni labarin malaminsa, marigayi Henry Kendall, haifaffen Boston ɗin nan a 1926. Ɗan attajiri ne, amma ya zaɓi alli da allo: daga 1961 yake koyarwa a jami'ar MIT har ƙarshen ransa. Shi da abokan aikinsa biyu, Jerome Friedman da Richard Taylor, sun riƙa harba ilektron, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin lantarki, cikin wata na'ura mai tsawon kusan kilomita 3 a Kalifoniya, har suka nuna cewa furoton, ɗan mitsitsin abin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, shi ma yana da 'yan ƙananan abubuwa a cikinsa, waɗanda ake kira kwak. Wannan aikin ya kawo musu kyautar Nobel a 1990.

Baba, ga abin mamakin. Mutum da wannan daraja, in ya samu hutu sai ya saɓa jakarsa da kansa, ya ɗauki igiya da kyamara, ya je ya maƙale a jikin duwatsun Yosemite, ya hau na Andes da Himalaya. Ba farauta ba, ba neman magani ba, hawan kawai. Har mutuwarsa ma a waje ta same shi, yana nutso a ruwan Wakulla a jihar Florida, a watan Fabrairun 1999, yana da shekara 72. Dattijon nan yana faɗa muryarsa na rawa. Da a gida ne da an ce masa babba da kai, me kake nema a kan dutse? Ni kam ya burge ni. Don haka Umma, a yi wa Auta sassauci in ya dawo daga Kufena da yagaggen wando, a duba littafinsa na lissafi tukuna kafin a ɗauko bulala.

A gaishe min da Hajiya Kaka sosai da sosai. A ce mata mijin nata bai yi mata kishiya a Amurka ba, kuma man zafin ƙafarta yana nan tafe. A tabbatar ta samu tsoka mai laushi, haƙoran nan sun gaji. Ina gaida Baffa da iyalansa, da Kawu. Gwaggo kuma ta yafe min bashin waya. Yaya da amaryarsa, Allah ya sauke ta lafiya. Su Malam Liman, da maƙwabta gaba ɗaya. Goron Sallar yara yana hannun Yaya, kuma na faɗa wa Auta adadin, kada wani ya yi dabara.

Naku,
ɗanku na Boston