Kada ka ce wa likita "da sauƙi"

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne.

Saƙonka ya iso ni, kuma tun daren da na karanta shi hankalina bai kwanta ba. Abu biyu ka ambata can ƙarshe, kamar ba su da muhimmanci. Ka ce ka ajiye magungunan asibiti gaba ɗaya saboda cikinka yana zafi, diclofenac da ibuprofen kawai kake haɗawa ka sha in ciwo ya matsa. Ka kuma ce fom ɗin neman tallafin masu naƙasa yana cikin durowa wata biyu ba ka ko buɗe shi ba. Sai ka rufe da "amma da sauƙi". Wannan kalma ce ta sa na ɗauki biro. Shekara 9 ke nan ina fama da irin ciwon da aka ce kana da shi, wato amosanin gaɓɓai, kuma a shekarun farko babu abin da ya cuce ni kamar ita.

Bari in fara da abin da ba ya jira. A cikin magungunan da ka lissafa akwai prednisolone, maganin kwantar da kumburi, kuma ka ce kusan wata uku kana shan sa. Wanda ya wuce mako uku a kan wannan magani ba ya yanke shi rana ɗaya. Akwai wasu 'yan ƙananan halittu a saman ƙoda da suke samar da irin wannan sinadari a jiki. In suka ga ana kawo shi daga waje sai su yi barci, kuma suna bukatar lokaci kafin su farka. Shi ya sa likita yake rage shi kaɗan-kaɗan. Don Allah ka kira likitanka a ranar da wasiƙar nan ta same ka, ka gaya masa ranar da ka daina. In kuwa kana jin kasala mai tsanani, ko jiri, ko amai, ka tafi asibiti kai tsaye.

Yanzu zancen ciki. Aminina, waɗanda ka ajiye ba lalle su ne masu laifin ba. Waɗanda ka riƙe su na fi zargi. Diclofenac da ibuprofen da naproxen 'yan gida ɗaya ne. Suna kashe zogi ta hanyar toshe wani sinadari da yake hura kumburi, amma wannan sinadarin shi ne kuma yake kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ne yake taimaka wa jini ya riƙa ratsa ƙoda yadda ya kamata. In ka haɗa biyu daga cikinsu, sauƙin da za ka samu ba zai ninka ba, haɗarin gyambon ciki ne zai ƙaru. Ga prednisolone da kake sha tare da su a baya, shi ma yana ƙara wa wutar iska. Ni ma na yi wannan kuskure a shekarata ta biyu. Ƙwannafi ya dame ni wata da watanni, duk zuwa asibiti likita ya tambaye ni, in ce masa da sauƙi. Sai ranar da na ga bayan gidana ya yi baƙi wuluk kamar kwalta. Jini ne yake tsatsafowa daga ciki. Kwana 5 na yi a gado, har da ƙarin jini. Da na buɗe baki tun farko, da ƙwaya ɗaya ta omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki, da safe ta iya tare abin, ko a canja mini maganin. In ka ga baƙin bayan gida irin wannan, ko ka yi amai da jini, ba maganar jiran ranar ganin likita ba ce.

Ka kuma tuna kana da hawan jini. Su diclofenac da ibuprofen suna iya ɗaga shi, suna sa ƙafa ta kumbura. Tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba masu ciwon zuciya ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki diclofenac na sha. Akwai na shafawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini. Ni shi nake amfani da shi a gwiwa da yatsu. Farasitamol kuma yana da iyaka: ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24 ga babban mutum, ba ƙari, kuma ka riƙa duba kwalin maganin mura domin da yawansu akwai shi a ciki. Hanta ce take biyan kuɗin wuce gona da iri.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne methotrexate da ka ajiye kana cewa mako biyar ka sha ba ka ga amfaninsa ba sai tashin zuciya. Na fahimce ka ƙwarai. Amma ka gane irin ciwon da muke da shi. Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda ya fi zuwa da shekaru. Namu kuwa, wanda likitoci suke kira rheumatoid, garkuwar jiki ce take juyowa tana yaƙar gaɓoɓin mai ita. Shi ya sa kake tashi da safe yatsu a sandare fiye da awa guda, hannun dama da na hagu duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne suke da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ni da kai muna cikin 'yan tsirarun maza. Maganin zogi yana rufe bakin ciwon ne kurum, ɓarnar tana ci gaba a ƙarƙashi. Methotrexate shi ne yake zuwa ya lallashi garkuwar ta daina cin gaɓa. Ba ya gaggawa: yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji aikinsa. Ka ajiye shi ana gab da girbi. Gaɓar da ta riga ta lanƙwashe ba ta miƙewa, kuma kai kafinta ne, hannunka shi ne jarinka. Yatsuna biyu na hagu da ka gani sun karkace, sakamakon watannin da na yi ina wasa da wannan magani ne.

Tashin zuciyar kuwa akwai dabarunsa, in dai likita ya sani. Ni an ƙara mini folic acid, wani nau'in bitamin, ana sha a ranar da ba ta methotrexate ba, aka kuma ce in mayar da shan sa dare bayan cin abinci. Da abin bai gama lafawa ba aka mayar da ni kan allura, sau ɗaya a mako a ƙarƙashin fata, daga nan na samu lafiya. Kuma ka riƙe wannan da kyau, ka gaya wa maiɗakinka ita ma ta riƙe: sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba. Mutane sun rasa ransu saboda wannan kuskure kaɗai. Ka zaɓi rana guda ka rubuta a jikin kwalin. Kada ka tsallake gwajin jini, ko da kana jin garau, domin hanta da ƙwayoyin jini ba sa kuka da wuri. Kada kowa ya ba ka Septrin ko trimethoprim, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kana kan sa. In ka ga gyambo a baki, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko busasshen tari da sarƙewar numfashi, ko ido ya yi rawaya, ka dakata da shi ka nemi likita a ranar. In kuna da niyyar ƙarin haihuwa, wannan ma ka faɗa masa ba kunya.

Prednisolone kuwa, na san daɗinsa. A 1948 ne wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara ba wata mai irin ciwonmu cortisone, ɗan'uwan prednisolone, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba aka gane cewa daɗin yana da farashi: ƙiba a fuska da ciki, hawan suga, hawan jini, rashin barci, ƙashi ya yi ta rauni. Gada ce da ake takawa kafin methotrexate ya kama aiki, ba gidan zama ba. Tramadol da codeine da wani ya ba ka shawara, ni dai ina roƙonka ka bar su sai in likita ya rubuta na ɗan lokaci. Taurin bayan gida da gyangyaɗi suke kawowa, jiki ya saba da su, ciwon kuma yana nan.

Ga abin da ya gyara mini al'amura, kuma bai fi ƙarfin kowa ba: ɗan littafi. Kowane dare layi uku ko huɗu. Minti nawa na yi kafin yatsu su saki da safe, me na sha, me ya biyo baya, me na kasa yi yau. "Na kasa murɗa murfin kwalba." "Sai da aka ɓalla mini maɓallin riga." "Na tsaya sau biyu a matakala." In hannu ya ƙi riƙe biro, ka faɗa wa waya ta naɗa. Likita minti kaɗan yake da shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; in ba ka nuna masa wurin ba, ba zai gani ba.

Wannan littafin ne kuma zai cika maka fom ɗin da ke cikin durowa.

Na san abin da ya hana ka taɓa shi, domin shi ya hana ni. Kana ganin kamar bara ce. Kana ganin mutumin da ya yi shekara 25 yana ci da guminsa bai kamata ya rubuta da hannunsa cewa ba ya iya sa takalmi ba. Aminina, ba bara ba ce. An ware kuɗin ne domin irin wannan rana, kuma guminka na shekarun nan yana cikin abin da aka tara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, a sashe na 28, ta kira shi haƙƙi. Ka dubi yaranka, ka dubi baiwar Allahn da take ɗauke da gidan ita kaɗai tun da aiki ya tsaya. Ƙin neman ba kai kaɗai yake shafa ba.

Karo na farko da na nema an hana ni, kuma na san dalili. Na je ganawar a ranar da jiki ya yi mini daɗi, na sha magani da sassafe, na yi shiga mai kyau. Matar ta tambaye ni ko ina iya yin wanka da sa tufafi da kaina, na ce ina iyawa. Ban gaya mata cewa kusan awa guda nake ɗauka ba, ko cewa rigar da ke jikina maiɗakina ce ta sa mini ita. Ta rubuta abin da na faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye.

Masu duba fom ba sunan ciwo suke aunawa ba, abin da ciwon ya hana ka yi suke aunawa. A Ingila, misali, tallafin da suke kira PIP, wanda aka fara a 2013, doka ta ce ba a lissafa mutum a mai iya abu sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma cikin lokacin da ya dace. Ana kuma duba halin da yake ciki a fiye da rabin kwanaki, ba ranar da ya fi jin daɗi ba. A Amurka sharaɗin shi ne ciwon ya kai wata 12 ko a sa ran zai kai. Dokoki sun bambanta, amma wannan ma'auni huɗu ka ɗora shi a kan kowace tambaya, zai yi maka jagora. Kada ka rubuta "ina iyawa" ko "ba na iyawa" ka tsaya. Ka ce sau nawa a mako, minti nawa, wa yake taimakonka, me yake faruwa bayan ka yi. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Illolin magani ma suna cikin lissafi: in washegarin methotrexate a kwance kake wuni, rana guda ce cur a kowane mako, ka rubuta ta. Gajiyar nan da ba ta barin mutum ko ya yi barci, ita ma ka rubuta.

Ka haɗa da takardar likitan gaɓɓai, sakamakon gwaje-gwaje, hoton ƙashi da jerin magunguna. Ka yi kwafin komai kafin ka aika, kada ka ba da na asali. Ranar ganawa ka tafi da maiɗakinka, ta fi ka sanin abin da kake kasawa, kuma ba za ta ɓoye ba. In an hana ka, kada ka ninke takardar ka mayar durowa. Akwai damar neman a sake dubawa da ɗaukaka ƙara, amma tana da wa'adi: a Ingila wata ɗaya ne, a Amurka kwana 60. Naka yana rubuce a jikin takardar, shi za ka fara dubawa. Ni a karo na biyu aka ba ni, da littafina a hannu. Shi fom ɗin ma ka duba ranar da aka ce a mayar. In ta wuce, ka kira su ka bayyana cewa rashin lafiya ce, ka nemi ƙarin lokaci ko sabo.

Kwana uku na yi ina rubuta wannan wasiƙa, hannun ba ya jure fiye da shafi ɗaya a zama. In ka ga likita ka sanar da ni abin da ya ce game da prednisolone da kuma cikin. In ka ciro fom ɗin, ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini, mu bi su tare ta waya, ko shafi biyu-biyu ne a rana.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. A shafa mini kan yara. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.

Naka amini har kullum.