Girman ƙari ba shi kaɗai ake dubawa ba kafin tiyatar huhu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi wa 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka bayani kan wani abu da nake yawan cin karo da shi a aikina na tafinta tsakanin marasa lafiya da likitocin ƙirji. Idan aka gaya wa mutum cewa an gano ciwon daji a huhunsa tun ƙarin bai wuce santimita 2 ba, sannan likita ya ce mai yiwuwa a cire sashe guda sukutum na huhun, sai hankalin dangi ya tashi, wasu su ce likitan ya cika son wuƙa, wasu su ce a koma gida a nemi na gargajiya. Alhali abin da likitan ke aunawa shi ne inda ciwon ya riga ya kai, domin girman ƙarin da ake gani a hoto rabin labari ne kawai.

Huhun dama yana da manyan sassa uku, na hagu yana da biyu, kowane sashe kuma ya kasu zuwa ƙananan yankuna. Tun daga 1995, bayan wani bincike da aka yi a Arewacin Amurka ya nuna cewa ciwon yakan dawo a wurinsa kusan ninki uku idan aka takaita yankan, cire sashe gaba ɗaya ya zama ƙa'ida. Daga baya ne aka sami sassauci. A 2022 likitocin Japan suka fitar da sakamakon bincike kan mutum 1,106 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba: kashi 94.3 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa yanki kaɗai suna raye bayan shekara biyar, waɗanda aka cire wa sashe kuwa kashi 91.1. Sai dai a binciken nan dai, dawowar ciwon a wurinsa ta kai kashi 10.5 ga masu ƙaramin yanka, kashi 5.4 ga masu babban. A 2023 wani binciken na Amurka da Kanada da Ostireliya, kan mutum 697, ya nuna cewa ƙaramin yanka bai gaza babban ba, amma da sharaɗin da mutanenmu ba su cika ji ba, wato an tabbatar tukuna cewa ciwon bai shiga kaluluwa ba, ƙananan ƙullutun nan masu tace ƙwayoyin cuta da ake samu har a cikin ƙirji.

A nan maganar take. Dajin huhu yakan fara bin hanyar kaluluwar da ke gindin huhu, daga nan ya wuce zuwa waɗanda ke tsakiyar ƙirji. Shi ya sa ake yin hoton PET, mai nuna wuraren da ƙwayoyin ciwon suka taru a jiki, wani lokaci kuma a zura bututu mai kyamara ta maƙogwaro a tsakuro ɗan nama daga kaluluwar, tun kafin a sa ranar aiki. Duk da haka hoto yakan rasa ƙwayoyin da suka yi ƙanƙanta, saboda haka a tsakiyar tiyata likita kan aika kaluluwa ɗakin gwaji a daskarar da ita a duba nan take, majinyacin yana kwance cikin barcin allura. Idan aka sami ciwon a ciki, sai a fasa cire yanki a cire sashen duka. Na sha ganin dangi sun fusata a bakin ɗakin tiyata suna cewa ba haka aka yi da su ba, alhali takardar amincewar da suka sa wa hannu ta ambaci hanyoyin biyu, ba a dai fassara musu ita da kyau ba. Idan kuwa tun farko aka ga ciwon ya kai kaluluwar tsakiyar ƙirji, sau da yawa magani ake fara bayarwa kafin a yi maganar wuƙa.

Akwai wata hanyar yaɗuwa da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin rabe-rabenta na dajin huhu a 2015. Ƙwayoyin ciwon kan ɓalle daga jikin ƙarin su watsu cikin ƙananan buhunan iskar da ke kewaye da shi, kamar yadda iska kan kwashi irin ciyawa ta zubar a gonar maƙwabci. An lura cewa masu wannan sun fi fuskantar dawowar ciwon idan yanki kaɗai aka cire musu. Matsalar ita ce gwajin gaggawa na lokacin tiyata ba ya kama shi kullum, sai bayan kwanaki a gan shi a cikakken sakamako, kuma har yanzu likitoci ba su zama baki ɗaya ba kan ko a sake komawa aiki a irin wannan hali. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a bar tazarar lafiyayyen nama kamar santimita 2, ko gwargwadon faɗin ƙarin, a kewayen abin da za a yanke.

A ganina, camfin nan da ake yi cewa daji yakan bazu da zarar wuƙa ta taɓa shi ya fi cutar da mu fiye da tsadar asibiti, domin watannin da ake ɓatawa ana shawara su ne ke ba ciwon damar isa kaluluwa, har mutumin da yanki kaɗan zai ishe shi ya koma wanda tiyata ba za ta yi masa amfani ba. Duk wanda zai raka ɗan'uwansa wurin likita ya tambaya ko an duba kaluluwa, da abin da za a yi idan aka sami ciwon a cikinta ana tsakiyar aiki, da ko gwajin numfashi ya nuna huhun zai jure cire sashe guda, kuma ya nemi tafinta kafin a sa hannu.

Naka,
Mai karanta jaridarka,
Jidda, Saudiyya