Bana ma kada a rage tukunyar Inna

Bradford, Ingila
Daren 24 ga Disamba, 2025

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da dukan mutanen gida,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, barkanmu da ganin wannan rana. Ina gajiya, yaya sanyi? Baba, yaya ƙafar? An ce mini har yanzu kuna hawa keke da ita zuwa fadama, to ni dai ban ce komai ba. A gaishe mini da Gwaggo da Kawu, da Fasto da mai ɗakinsa, da dukan matan zumunta.

Auta, kai za ka karanta wa kowa wannan, kuma ka karanta duka. Na san halinka na tsallake layi in ka ga magana za ta yi tsawo.

A nan ko ƙarfe huɗu ba ta cika ba rana ta faɗi. Gobe ina aiki daga bakwai na safe zuwa bakwai na dare, domin tsofaffin da muke kula da su ba su san hutu ba. Ranar Kirsimeti a ƙasar nan babu jirgin ƙasa, bas ma sai a hankali, kowa ya kulle ƙofarsa da iyalinsa, gari ya yi tsit kamar an yi shara. Ba ganga, ba 'yan Sabon Rai, ba yara da sabon ɗinki suna yawo gida gida. Wata abokiyar aikina ce za ta biyo ta ɗauke ni a motarta.

Akwai maganar da na ɓoye muku tun watan Maris, yau zan faɗa. Inna, ku yi haƙuri.

Kamfanin da ya kawo ni a 2023, hukuma ta ƙwace masa lasisin ɗauko ma'aikata daga waje. Ba mu kaɗai ba ne, gwamnati da kanta ta ce ta soke irin wannan lasisi sama da 470 a ɓangaren kula da tsofaffi tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024. Yadda bizarmu take, a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In ya faɗi, sai a aiko maka da takarda a ba ka kwana 60, ko ka sami wani mai lasisi ya ɗauke ka, ko ka tattara naka ya naka ka koma. Kuma a rubuce yake cewa ba mu da rabo a tallafin gwamnati. Tun kafin takardar ta iso aiki ya tsaya, ɗan abin da na tara ya bi kuɗin haya da wuta. Duk lokacin da kuka kira na ce lafiya lau, da fam 43 nake kwana a asusu.

A cikin kwanakin nan na ci karo da wani mai wa'azi a Facebook, ya sha kwat, yana cewa duk mai matsalar takarda ya shuka iri na fam 100, cikin kwana bakwai ƙofa za ta buɗe. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na fara tunanin wanda zan ranta a wurinsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Abin da ya tsayar da ni, Baba, ku na tuna. Shekara nawa kuna kai dami coci, ban taɓa jin kun ce wa Allah ga nawa, ina naka ba. Wancan ciniki ne, kuma cinikin ma da mai kwat ake yi, ba da Ubangiji ba.

Wata 'yar Jos da muke sujada tare ita ta ja ni zuwa wurin rabon abinci. A zauren wani coci ake yi, sai an ba ka takardar shaida, ka je a haɗa maka abincin kwana uku: taliya, shinkafa, waken gwangwani, madara, ganyen shayi. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofar ina juyawa. Ni da nake aiko da kuɗi gida, ni da ake cewa 'yar wane tana Ingila, in tsaya a layi da leda? Ashe girman kai ya cika ni ban sani ba. Na iya bayarwa, don mai bayarwa hannunsa ne a sama, karɓa ce ban iya ba. A zuwa na uku wata tsohuwar Baturiya, ta kai sa'ar Gwaggo, ta fito ta riƙe ni a hannu ta shigar da ni, ta haɗa mini shayi. Ba ta tambaye ni cocina ba, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Daga baya na ga inda kayan suke fitowa. Su ma suna da tasu godiyar kaka wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sai dai ba dami suke kawowa ba, gwangwani ne, kowa ɗaya ko biyu, a tara gaban bagade. A manyan kantuna ma akwai kwando a bakin ƙofa, in ka gama sayayya ka jefa abu ɗaya.

Da na ga haka sai tukunyar Inna ta faɗo mini a rai. Yaya, ka tuna ta? Baƙar nan ta bayan ƙofa, mai tsagaggen baki. Duk ranar da Inna za ta auna hatsin tuwo, sai ta ɗebi tafin hannu ɗaya ta zuba ciki, in ta cika a kai wa zumunta su raba wa gwauraye da marayu. Har a watan marka, lokacin da rumbu ya koma ƙasa muna haɗawa da tafasa da rama, ba ta fasa ba. Wata rana na ce mata, mu da ba mu ƙoshi ba? Ta ce mini, ragowa ta kaji ce, mutum daga cikin naka ake ba shi. Na yi fushi ranar. Shekara ashirin da wani abu bayan nan, ga ni a wata ƙasa ina cin tafin hannun matan da ban sani ba.

Mai gidan da nake haya kuma, wani dattijo ne Musulmi, asalinsa ɗan Pakistan, irinsu suna da yawa a garin nan. Na je masa da kuka a ido zan ce zan tashi. Ya ce in zauna, in na samu in biya. Wata biyu bai ƙwanƙwasa mini ƙofa ba, ranar Babbar Sallah ma matarsa ta aiko mini da nama.

A rana ta 51 na sami wani gidan kula da tsofaffi da ya yarda ya ɗauke ni. Ba mafarki na yi ba, ba murya na ji ba. Takardun neman aiki na cika har na daina ƙirgawa, 'yar Jos ɗin nan ta yi mini magana da shugabar wurin aikinsu, shi ke nan. Ana biya na fam 12 da ɗan ɗoriya a awa, kusa da mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Tun Yuli nake biyan bashi, saura kaɗan.

Na sha karanta labarin gwauruwar Zarefat, amma sai bana na lura da wani abu. Ba a ce tukunyarta ta cika ta tumbatsa ba. Cewa aka yi garin bai ƙare ba, man bai ƙare ba. Wato kullum ta leƙa, ɗan kaɗan ɗin nan za ta gani a ƙasan tukunya, ta tuƙa na ranar, gobe ta sake leƙawa. Haka na yi wata huɗu. Ban taɓa samun na mako biyu a hannu ba, ban kuma taɓa kwana da yunwa ba. Mannar jeji ma ai wanda ya ɓoye ta gobe, tsutsa ya tarar. Kullum muna cewa ka ba mu rananga abincin yini, ashe baki ne kawai yake faɗa, zuciya ta shekara take roƙo.

Yanzu maganar gida. Labari ya iso ni (kada a tambayi wanda ya faɗa) cewa an yi ka-ce-na-ce bayan godiyar kaka. Baba sun kai buhu biyu na masara da bunsuru, sun kuma aika wa matar marigayi mai bishara buhu ɗaya, alhali bashin taki yana nan. Yaya ya ce bana ba za a shiga watanda ba, kuma ba za a kai abinci maƙwabta ba, a dafa na gida kawai.

Yaya, ban ga laifinka ba. Kai kake zuwa gaban mai taki, kai ake kallo. Taki ya yi tsada, masara kuma ta faɗi a kasuwa, wanda ya noma bana ya san abin da ya gani a Dandume da Funtuwa. Da bara ne ma da bayanka zan bi, har in ƙara gishiri. Kuma Baba, ku gafarce ni, 'yarku ce ke magana, ba gyara nake muku ba: abin da yake na mai taki nasa ne, ba namu ba ne balle mu yi kyauta da shi. Shi ma yana da yara, shi ma wataƙila ta hannunmu Allah ya shirya ciyar da su. Dogara ga Ubangiji ba ta hana lissafi, Yusufu ma shekara bakwai ya yi yana tara hatsi a Masar. Da an zauna da Yaya kafin a ɗaura buhu a keke, da ba a kai nan ba.

Amma maganar hana maƙwabta abinci, a nan na rabu da kai. Gidan Malam, tun ban san kaina ba suke aiko mana da naman layya da tuwon Sallah, mu kuma mu aika da shinkafar Kirsimeti. Ni na riƙa ɗaukar kwanon a kai, Hajiya ta ba ni tukwici in saye alewa a hanya. A shekarun da aka yi ta tashin hankali a wasu garuruwa, kwanon nan bai taɓa tsayawa ba. Yadda ƙasa take yanzu, kowa yana kwana da ido ɗaya, ba lokacin yanke irin wannan igiya ba ne. In nama ya yi kaɗan a ƙara miya. Ba wanda zai buɗe kwano ya ƙirga tsoka.

Na turo fam 150 ta asusun Yaya, ya kusa naira 300,000. Na san rabin na bara ne, yanzu kun san dalili. Ga yadda nake roƙo a yi, in Baba sun yarda. A fara kai wa mai taki 150,000, sauran bashin ni da Yaya za mu san yadda za mu yi kafin damina. A shiga watanda ko da kaso ɗaya ne. A sayi shinkafa da mai yadda za a kai gidan Malam da gidan Sarkin Aska da ɗakin tsohuwar nan makauniya ta bakin rijiya, in tana nan da rai. A ba Gwaggo 10,000 ta goro. Inna, 20,000 taku ce, ta zani, ba ta zumunta ba, ba ta jikoki ba. Na san dai abin da za ku yi da ita.

Ni ma na dafa tawa. Na samo shinkafa da attarugu a shagon wani Bayarabe, na yi dafa-duka a babbar tukunya, na soya cincin jiya da dare har ƙararrawar hayaƙi ta tashi maƙwabta. Kwano ɗaya na mai gidan haya ne, kazar ma a shagon halal na saya saboda su. Ɗaya na tsohuwar Baturiyar nan ne, na rage mata yaji, ko da yake na san duk da haka sai ta yi hawaye. Sauran zan tafi da shi wurin aiki, akwai wata 'yar Zimbabuwe da take cikin nata kwana 60 ɗin yanzu, da ƙaramin yaro.

Inna, kada ku yi kuka a gaban mutane, abin ya wuce. In an tashi sujada gobe a sa ni cikin addu'a, a sa yarinyar nan ma. Auta, ka ɗauko mini matan zumunta a waya lokacin da suke shiga da tulu da kacau-kacau, kada ka ɗauki ƙafafun mutane kamar bara. Ku kuna gaba da mu da awa ɗaya, ina samun hutun rabin awa da ƙarfe biyu, wato uku ke nan a wurinku. Ka tabbata wayar tana da caji, ka kuma hau kan tudun bayan coci inda sabis yake kamawa.

Taku har kullum,
'Yarku ta Ingila